Sawu a Gindin Randa

Da safiyar Talata aka tarar an ɓalle tagar ɗakin baya na shagon Alhaji Sirajo, a layin da ɗalibai ke zuwa buga takardu a Aliero. Ba a ɗauki janareta ba, ba a taɓa aljihun tebur ba, kwamfutocin da aka kawo gyara suna jere a inda aka bar su. Abu ɗaya aka rasa, kuma bai wuce tafin hannu ba: furosesa, wato ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke tunani da ita.

Ba irin wadda ake saye a kasuwa ba ce. Wani kamfani mai harhaɗa kwamfutoci a Legas ne ya aiko wa Alhaji injuna uku ɗauke da sababbin furosesa da ba za su fito kasuwa ba sai baɗi. Ɗaya ta laftof, ɗaya ta kwamfutar tebur, ɗaya kuma ta babbar injin nan da masu zanen gini da masu haɗa bidiyo ke aiki da ita. So suke su ga yadda za su jure zafin bazara a ɗakin da ba fanka ba na'urar sanyi. Duk wanda ya ba su shawarar su kawo gwajin nan Aliero, to ya taɓa kwana a Aliero cikin watan huɗu. Ta babbar injin ce aka cire.

Mu kuwa mutanen garin nan ba ma son laifi ya yi hantsi ba mai shi. Nan da nan aka tuna an ga Sabo ɗan jari bola a bayan shagon jiya da yamma. Kowa kuma ya san akwai zinare a cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta, ko da yake har yau ban ga wanda ya taɓa ganin zinaren da idonsa ba. Sabo ɗan Maiyama ne, neman abinci ya kawo shi, yana tura kura gida-gida yana sayen tsohon ƙarfe, ba shi da kowa a nan. Aka tare shi a bakin tasha, aka zazzage buhunansa, ba a ga komai ba, aka ce ai ya riga ya ɓoye. Aka rako shi da ihun ɓarawo har ofishin 'yan banga, ya isa da ido ɗaya a kumbure. Alhaji Sirajo ya ce mutumin kamfani yana zuwa ƙarshen mako, in kaya bai fito ba kafin nan, Sabo zai miƙa wa 'yan sanda.

Labari ya iske matarsa Zulfa a Maiyama ta waya. Ba ta tsaya kuka ba, ta yafa mayafi ta nufi gidan Malam Yari mai bin sawu. Yari tsohon mafarauci ne, dogo, marar yawan magana, shi ake kira in an kore shanu ko an kwashe wa mutum albasa a rumbu. Ya saurare ta, ya ce shi fa bai san kwamfuta ba.

“Baba, ai ba kwamfuta ta tash shiga ta taga ba,” in ji Zulfa. “Mutum na, kuma da ƙahwa yaz zo.”

Yari ya ɗauki hularsa.

*

Ya iso Aliero washegari da safe. Ya zagaya bayan shagon, ya tsaya a gindin tagar yana duban ƙasa. Rabin garin ya riga ya zo kallo, har da akuyoyi. Sawu a kan sawu, ba wanda za a iya rabawa da wani.

“Kun yi ƙoƙari, Alhaji,” ya ce. “Ko raƙumi yab bi nan kun shahe shi.”

Alhaji Sirajo bai ji zolayar ba, hankalinsa yana Legas. Ya buɗe ɗakin baya, wanda ya kulle tun jiya, ya kira Waliyyu, makanikin kwamfutar da ke kula da gwajin. Waliyyu ɗan garin ne, ɗan manomin albasa, yaro mai natsuwa da kowa ke yi wa ɗansa misali da shi. Kamfanin ma ya yi alkawarin ɗaukarsa horo in gwaji ya ƙare lafiya.

“Ɗana, nuna man inda abin yake zaune,” in ji Yari.

Waliyyu ya ɗaga murfin babbar injin. A tsakiyar allon da ke ciki akwai wani gurbi mai kusurwa huɗu, cike da 'yan allurai ƙanana kamar gashin buroshi. Yari ya sunkuya ya duba. Ko ɗaya ba ta lanƙwashe ba.

“Sauran biyun, don mi anka bar su?”

“Ta laftof liƙe take da allonta, Baba, da dalma anka kama ta, ba ta hita. Ta tebur tana hita, amma ba a taɓa ta ba.”

“Wagga da anka ɗauka, ita tah hi su?”

“Nesa ba kusa ba. Aikin da tsohuwar injinmu ka kwana tana yi, wagga kahin ka shanye shayi ta ƙare shi. Sai dai tana cin wuta, tana ɗaukar zahi ƙwarai. Zahin ga shi anka ce mu auna.”

“Da mi aka cire ta?”

“Da sukundireba.”

Duk amsoshin nan daidai suke, amma bango Waliyyu yake ba su, ba Yari ba. Yari ya lura. Mutumin da horonsa na Legas ke neman suɓucewa yana da dalilin kallon bango.

Alhaji ya ja Yari gefe. Ya ce in ma ba Sabo ne ya shirya ba, to aiko shi aka yi. Bara ya kori wani makaniki mai suna Shamsuddeen saboda baƙar magana, yaron ya fita yana cewa za a gani. Yanzu yana da rumfa a Jega.

*

Kafin ya tafi Jega, Yari ya biya ofishin 'yan banga. Sabo yana zaune a kan tabarma a ɗakin da suke ajiye babura. Da ya ga mutumin garinsu sai ya yunƙura zai durƙusa, Yari ya dafa shi ya zauna.

“Mi yak kai ka bayan shagon?”

“Tsohhin batura, Baba. Raihanatu mai buga takardu ita ka tara man su, in biyo in ɗauka. Ran nan ma su niz zo ɗauka.”

“Ka shiga ciki?”

“Iyakata ƙohwa. Na roƙi ruwa, tat tahi da moɗa tad dawo tac ce randa ba ko ɗigo. Hat tana hwaɗa, wai da sahe ɗan garuwa yac cika ta. Da ƙishina nik koma. Ko ruwan shagon ga ban sha ba, Baba, balle in ɗauki abin da ban san kamatai ba.”

Ya taɓa idon da ya kumbura.

“Dukan bai dame ni ba. Sunan shi ad damuwata. Aikina shiga gidajen mutane na, mata ka hito man da kaya har tsakar gida. In anka ce Sabo ɓarawo, ko an sake ni gobe, wa ka sake buɗe man ƙohwa? Ba ni da wata sana'a.”

Yari ya ji tausayinsa, amma ba ya cikin masu yi wa mutum alkawarin abin da ba su gani ba tukuna. Ya ce masa ya ci abincin da Zulfa ta aiko, ya fita ya tari mota.

*

Rumfar Shamsuddeen tana cikin layin masu gyaran waya a Jega, ƙunshe da matattun kwamfutoci har rufi. Da ya ji abin da ya kawo Yari sai ya ajiye abin da yake riƙe da shi, ya yi dariya har da buga cinya.

“Alhaji na nan da halinai. Ran Litinin Kimba niy yini wurin suna, can nik kwana, rabin layin ga tare munka tahi. Tambaye su.”

Yari ya tambaya, mutum uku suka shaida, har ɗaya ya nuna masa hotonsu a waya suna cin waina. Wannan hanyar ta mutu ke nan. Amma bai tashi ba, tunda ya samu mai son magana.

“In wani ya kawo maka abin ga, kana saye?”

“In yi mi da ita, Baba? Wagga ba ta hito ba tukuna. Mazauninta sabo na, ba ta hawa kowane allo da ka cikin kasuwa, daga nan har Legas. Awa a ba ka makulli ba ƙohwa. Duk wanda yas san aikin ga ya san ba ta saiduwa.”

“Zinaren ciki hwa?”

“Ko ɗan kunnen jaririya ba ya yi. Maganar bakin tasha ta.”

“To wanda bai san aikin ba, shina iya cire ta?”

“Shina iyawa, amma sai ya yi ɓarna. Irin waɗanga manyan, sukurorinsu kan tauraro gare su, sukundirebarsu daban take, kuma bi da bi aka kwance su. In ka yi ganganci kaɗan, alluran ƙasa sun lanƙwashe.”

Yari ya tuna alluran nan da ya gani a miƙe. Wanda ya cire abin ya iya aiki, wanda ya iya aiki kuma ya san ba zai sayar ba. Ya zauna yana juya wannan a ransa, Shamsuddeen kuwa ya ci gaba da zuba, har ya faɗi abin da bai san nauyinsa ba.

“Ni Alhaji nika tausai. Injin ga yanzu gawa ta. Tunda babu wata furosesa da ka hawanta, ba mai iya tada ta ko don a ga tana da rai ko babu.”

Yari ya ɗago kai. Ya ce wa Shamsuddeen ya zo Aliero gobe bayan la'asar, ya taho da sukundirebarsa.

*

Washegari da safe Yari ya koma shagon a lokacin da Waliyyu ya fita wani aiki. Ya karɓi makulli wurin Alhaji, ya sa Raihanatu ta buɗe masa. Wannan karon bai ko kalli taga ba. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin teburin babbar injin, inda tsintsiya ba ta cika kaiwa ba. A kan siririyar ƙurar wurin akwai tabon ɗigon ruwa a jere, kamar wanda indararo ke bari a gindin bango, sun zana gefen injin ta ɓangare biyu. Ya miƙe ya shafa ragar da iska ke shiga injin ta sama. 'Yan zarurruka masu ruwan ƙasa suka maƙale a yatsarsa. Ya kai su hanci. Algarara ce, zaren da ake saƙa buhu da shi, kuma ta sha albasa.

Ya fito lungun da ke tsakanin ɗakin da gaban shago. A nan randa take, zaune a kan yashi kamar yadda muke yi don ruwa ya yi sanyi. Ta gaba yashin a baje yake. Ta gefen bango kuwa, inda ba mai takawa, akwai sawun ƙafa ɗaya da ya nutse lokacin da yashin ke jiƙe, ya bushe da siffarsa. Ƙafa ce ba takalmi, mai faɗi, yatsu a warwatse, diddige duk faso.

“Ɗiyata, zo ki gani,” ya ce da Raihanatu. “Mai shan ruwa nan gaba shika tsayawa da moɗa. Ba ya taka can. Wanda yat taka can, karkata randar yay yi yat tuttule ta bisa wani abu. Cikinku wa ad da ƙahwa irin wagga?”

Raihanatu ta ce su silifas suke sawa a ciki, dokar Alhaji ce. Ta dubi sawun, ta sake duba, sai ta kama baki.

“Baban Waliyyu. Malam Tamu. Ya zo ran Litinin da azahar ya kawo mai hura, yat tarad da ya tahi sayen kaya. Rana ta yi yawa, ga mutane sun cika man gaba, sai nib buɗe mai ɗakin nic ce shi zauna shi jira.”

“An tambaye ki wa yash shiga ran nan?”

“An tambaya, nic ce ba kowa. Wallahi ban ɓoye ba, Baba, raina bai kawo shi ba. Tsoho na, wa ka lissafa shi?”

Haka muke. Da baƙo ne ya shiga da an faɗi launin rigarsa.

*

Malam Tamu yana gonarsa a bayan gari, a gindin rumbun albasa, yana tsince waɗanda suka fara laushi don kada su ɓata sauran. Gajeren tsoho ne mai fara'a. Takalmansa suna rataye a kan kekensa, shi yana tsaye a ƙasa. Yari ya dubi ƙafar sau ɗaya, ya wadatu.

Suka gaisa, suka taɓa zancen albasar bana da zafin da ke ruɓar da ita. Sannan Yari ya ce ya ji ya leƙa shagon su Waliyyu ran Litinin.

“Na leƙa, kuma Allah yas sa na leƙa,” in ji Tamu, fuskarsa ta washe. “Malam, na ishe injin ga tana gurnani awa mai zazzaɓi. Nid ɗora hannu, wallahi kana gasa masara bisa. Yaran ga sun yi karatu, amma ba su san zahi ba. Sun kulle ta ɗaki ba iska. Nic ce in abin mutane ya ƙone, ɗana za a kama. Sai niɗ ɗauko buhu bisa kekena, nij jiƙa shi sharkaf, nil lulluɓa mata awa yadda muka yi ma tulu in za mu gona.”

“Sai mi yaf faru?”

“Ba a jima ba tay yi shiru. Tas samu barci.”

“Waliyyu ya gani?”

“Ya dawo ya ishe. Yat tsaya shina kallo, sannan yaɗ ɗauke buhun yam miƙo man, yac ce, Baba, an gode, tahi gida ka huta. Yaro mai biyayya.” Sai fuskarsa ta canza. “Ka ga kuma washegari wani marar tsoron Allah yaz zo yas sace abin ciki. Duk salla sai na kai ƙaratai.”

Yari ya yi shekaru yana bin sawu, ya saba iske ɓarawo a ƙarshen hanya, ko mai taurin kai ko mai kuka. Bai saba iske mutum yana murna da alherin da ya yi ba. Abin ya yi masa nauyi ƙwarai. Ya so ya bar tsohon nan da albasarsa, amma akwai wani zaune a ɗakin babura da ido a kumbure. Ya ce masa ana taro a shagon bayan la'asar, yana so ya zo.

“Don a gode man? A'a, Malam, ba komi.”

“Ka dai zo,” in ji Yari.

*

Bayan la'asar aka rufe gaban shago, aka taru a ɗakin baya. Alhaji Sirajo a kan kujera, Raihanatu a bakin ƙofa, Shamsuddeen yana tsaye nesa da Alhaji suna harare-harare. Shugaban 'yan banga ya kawo Sabo, Zulfa ta zauna kusa da mijinta. Waliyyu yana jingine da bango. Da ya ga mahaifinsa ya shigo da sallama, ya tuɓe takalmi, sai ya kau da kai.

Yari bai yi dogon bayani ba. Ya ce wanda ya cire abin nan gwani ne, domin bai lanƙwasa ko allura ɗaya ba, saboda haka ba Sabo ba ne. Gwani kuma ya san ba ta sayuwa, saboda haka ba don sayarwa aka ɗauka ba. Shamsuddeen yana Kimba ranar, akwai shaidu.

“To don mi za a ɗauki abin da ba shi da anfani?” in ji Alhaji.

“Don kada a tada injin,” in ji Yari. “Shamsuddeen, ɗaga allon ga ka hwaɗa muna abin da kag gani ƙarƙashi.”

Shamsuddeen ya kwance sukurori, ya ɗaga allon, ya juya shi wajen hasken taga. Farin tabo ya bi layukan kamar kanwa, wani wuri kuma ya yi baƙi. An goge sama tas, ba a kai ga ƙasa ba.

“Ruwa ya shiga injin ga tana aiki,” ya ce, ba dariya a muryarsa yanzu. “Ta ƙone tun kahin a cire komi.”

Waliyyu ya taso daga jikin bango da sauri.

“Ni niɗ ɗauka, Alhaji. Ni niɓ ɓalle taga. Kwaɗai na yaj ja ni. A saki Sabo, a bar maganag ga haka nan, kowa shi tahi gida.”

Ya cire hularsa, ya zaro wani ƙullin hankici daga cikin naɗinta, ya ajiye a kan tebur. Ga furosesar nan, kwana da kwanaki tana bisa kansa yana yawo da ita cikin gari.

“Kwaɗan mi?” in ji Alhaji. “Kai da za a kai Legas? Kuma ruwa daga ina?”

“Ni niz zubar.”

Malam Tamu yana duban allon da ke hannun Shamsuddeen, yana duban ɗansa. A hankali murmushin da ya shigo da shi ya gushe.

“Waliyyu,” ya ce. “Shirun da tay yi ran nan, mutuwa ta?”

Waliyyu ya durƙusa a gabansa, ya kasa ɗaga kai.

“Baba, don Allah ka tahi gida.”

“Ina tambayarka.”

“Mutuwa ta, Baba.”

Daga nan sauran ya fito a gutsuttsure. Waliyyu ya san in aka tada injin aka ga ta mutu za a bincika, a gano buhun. Ya kuma san garinsu. Da labari ya fita, tsohon nan da ake girmamawa a sahun gaba zai koma wanda ya yi wa kwamfuta wanka, yara su riƙa yi masa waƙa, sunan ya bi shi har kabari, domin mu in muka laƙaba wa mutum suna ba ya fita. Sai ya cire furosesar, ya ɓalle taga, a zatonsa za a ce ɓarawon da ba a sani ba ne, magana ta mutu. Sabo bai zo masa a rai ba. Amma da aka kama Sabon, aka wuce da shi ta ƙofar shagon nan ana duka, yana tsaye yana gani, kuma bai buɗe baki ba. Wannan ne ba ni iya wanke shi a kai, duk da na san don wa ya yi.

Alhaji Sirajo ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce zai kira kamfani ya faɗa musu gaskiya, abin da suka yanke shi ke nan. Ya ce wa Waliyyu ya ajiye makullin shago a kan tebur, maganar Legas kuma ta ƙare. Sannan ya juya ga shugaban 'yan banga ya ce a saki Sabo, a mayar masa da kurarsa, a yi haƙuri, kuskure ne.

Sabo bai tashi ba. Alhaji ya fara laluben aljihu, Sabo ya girgiza kai.

“Alhaji, ran da anka kama ni gari duka yah hito, tun daga tasha har ohis. Yau da anka wanke ni, ƙohwa a ruhe take, mu kaɗai na cikin ɗaki. In nih hita yanzu, waɗanda ka waje ɓarawon da anka yi ma alhwarma za su gani.”

Gaskiya ya faɗa, kuma kowa a ɗakin ya san gaskiya ce. Alhaji ya ce ai labari zai bazu da kansa. Zulfa ta ce labarin sata ne ke bazuwa da kansa.

Malam Tamu ya miƙe. Ya je bakin ƙofa ya sa takalmansa, ya dawo ya kama hannun Sabo ya ɗaga shi.

“Baba, kada ka yi,” in ji Waliyyu, hawaye na zuba. “Dariya za su yi maka har ƙarshen rayuwakka. Bari ni in hita in ce ni na.”

“Kai ka riga ka samu lokacin magana, kay yi shiru,” in ji tsohon. “Dariya ba ta hana mutum cin abinci. Raihanatu, buɗe muna ƙohwa.”

Layin a cike yake, domin an ji ana taro. Yari ya tsaya a bakin shago yana kallonsu. Tsohon ya ja Sabo har teburin mai shayi, inda aka fara ƙulla zancen zinare, ya yi sallama, ya ɗaga murya yadda na nesa zai ji.

“Ni na Tamu, kun san ni. Ni nil lulluɓa ma injin Alhaji jiƙaƙƙen buhu hat tam mutu, ɗana yaɓ ɓoye don ni. Bawan Allah ga bai ɗauki komi ba.”

Sai wani ya ce, “Jiƙaƙƙen buhu, Baba?” Dariya ta ɓarke, mai shayi har ya ajiye buta ya riƙe ciki, wasu suna kiran na nesa su zo su ji. Malam Tamu ya tsaya cikinta bai sunkuyar da kai ba. Ya lura dariyar ta cinye ƙarshen maganarsa, ba a ji ba, sai ya jira ta lafa, ya ɗaga hannun Sabo sama, ya maimaita a hankali cewa wannan bai ɗauki komai ba. Sannan ya ja shi suka nufi rumfa ta gaba.